Farar Jarka da Hannuwan Kaleb

A Nok, in lokacin shukar citta ya matso, ba ka raba ƙofar gidan Kaleb da buhuna. Mutum zai je har Kwoi ko Kachia ya sayo iri, amma hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ɗora buhun a mashin ya kawo wa Kaleb ya taɓa. Shi kuwa ko kallon kirki ba ya yi wa irin. Zai cusa hannu can ƙasan buhu, ya zaro guda, ya murza ta da babban yatsa, ya ɓalle ta kusa da kunnensa, sai ya ce, "Wannan zai fito," ko kuma, "Wannan ka ba madam ya sa a kunu." Fiye da shekara ashirin ana haka, ba a taɓa jin wanda ya dawo ya ce hannun Kaleb ya yi masa ƙarya ba.

Bai yi nisa a boko ba. Yana aji huɗu na firamare babansa ya rasu, ya bar masa gona ɗaya a gindin dutse da wata wuƙar tsaga citta wadda wasawa ta cinye rabinta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, magana kuwa kamar sayenta yake yi. In fasto ya ce Kaleb ya rufe sujada da addu'a, kafin ka gama rufe ido da kyau ka ji an ce amin. Dukan abin da bakinsa ya ƙi faɗa hannunsa ne ke faɗa, a gona da wajen tsaga da wajen shanya a kan dutse.

Da ya tashi neman Afiniki, danginta suka ce atafau. 'Yar malamin makaranta ce, shi kuwa maraya ne mai gona ɗaya. Ranar da aka zauna kan maganar, dattawa sun kusa sallamar mutanen Kaleb, sai Samson, yayan Afiniki, wanda a lokacin ya gama kwaleji a Kafanchan, ya miƙe ya kama hannun Kaleb ya ɗaga shi sama.

"Ku duba hannun yaron nan," in ji Samson. "Mai wannan hannu ba zai bar ƙanwata da yunwa ba. In kun hana shi, ni ma kun hana ni."

Da wannan maganar aka ba Kaleb mata. Daga ranar kuwa Samson ya zama masa uba na biyu. Kaleb bai taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, sai dai Yaya. Doyar farko da cittar farko ta kowace kaka gidan Samson ake kai su kafin a taɓa a gidan Kaleb. A wajen mutanensu suruki ba abin wasa ba ne, balle wanda ya tsaya maka ranar da kowa ya juya maka baya. Ba ka musa masa a gaban mutane, ba ka kunyata shi a gaban baƙo, ko da shi ne da laifi sai an koma cikin ɗaki. Kaleb ya riƙe wannan fiye da yadda wasu ke riƙe dokoki goma.

Daminar 2023 ce ta karya kowa. Wata cuta ta faɗa wa citta daga Jaba har Kachia, ganye ya yi rawaya kamar an watsa masa ruwan zafi, in ka tona ƙasa sai ka tarar da saiwar ta narke tana wari. Magidanta suka riƙa zama a bakin gona suna kallon shekara guda ta ruɓe a gabansu. Kaleb ya tona kunya bayan kunya da hannunsa, bai tsira da ko kwando biyu ba.

Shekarar da ta biyo baya Samson ya dawo gari a kan sabon mashin. Ya samu aikin wakili a wani kamfani da ke sayen busasshiyar citta yana fitar da ita ƙasashen waje. Bayan sujada ranar Lahadi ya tara manoma a ƙarƙashin mangwaron coci, ya ce kamfani zai ba da iri mai kyau, zai kuma ba da maganin da cuta ko ƙwaro ba za su kusanci gona ba. Maganin yana cikin fararen jarkoki, babu takarda, babu rubutu, babu ko alama. Wani dattijo ya tambayi sunansa.

"Sikirit na kamfani ne, Baba," in ji Samson yana dariya. "In mun bar lebul a jiki, gobe gobe za ka ga na jabu a kasuwan Kafanchan. Ku dai ku ga aiki."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Babu wanda ya ƙara tambaya. Samson ya ce mutum ɗaya yake so ya riƙa yi wa dukan manoman ƙungiyarsu feshi don kada a ɓata awo, kuma na gida yake so, wanda ya yarda da shi. Ya dafa kafaɗar Kaleb. Ranar Kaleb ya koma gida yana jin kansa kamar an naɗa shi dattijon ikkilisiya.

To, abin da babu takarda a jikinsa, da me za a auna shi? Samson ya ce murfi uku a tanki ɗaya, wato tankin feshi da ake goyawa a baya. Amma jarkokin ba ɗaya ba ne, wata ta zo da kauri, wata tsararo, wata warinta har cikin ƙwaƙwalwa. Sai Kaleb ya yi abin da ya saba yi da komai a rayuwarsa, ya sa hannu. Yakan zuba maganin a bokiti, ya naɗe hannun riga, ya dama da hannunsa har gwiwar hannu. In ya ji yana ɗan cizonsa a tsakanin yatsu, to haɗi ya yi. In bai ciza ba ya ƙara rabin murfi. In kan famfon ya toshe ya kwance shi ya sa a baki ya hura. Tankin yana yoyo ta murfi, don haka daga safe zuwa azahar rigarsa jiƙe take a baya, rana tana busar da ita, magani yana sake jiƙa ta. Manoma har yabonsa suke yi, suna cewa hannun Kaleb ya fi kofin awo.

Ranar da ya fara dawowa yana amai, kansa na sarawa, idonsa na ganin hazo, Afiniki ta kira yayanta a waya. Samson ya ce ba komai ba ne, kowane mai feshi yana yin haka.

"Ki saya masa madara na gwangwani, ya sha bayan aiki. In babu, manja cokali biyu. Yana wanke shi tas."

Haka aka yi ta yi. Gwangwanayen madara suka taru a bayan ɗaki. Kwaɗi suka daina kuka a kwatar da Kaleb ke wanke tanki, kajin Afiniki uku suka sha ruwan wurin suka miƙe ƙafa, amma citta ta yi kyau, kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. A sujadar godiya ta kaka mata suka shigo da kwanduna a ka suna rawa, fasto ya sa Samson ya tsaya aka yi masa addu'a ta musamman. Kaleb yana bencin baya yana tafi har tafinsa ya yi ja.

Wajen tsagar citta ne abin ya fara nuna kansa. Suna zaune shi da Afiniki a kan dutse, sai ta ga jini a kan cittar da ya tara. Ya yanke yatsa har ya kusa kai ƙashi, bai ji ba. Ya ce sanyin safiya ne. Da lokacin shuka ya zagayo aka fara kawo masa buhuna, ya cusa hannu kamar kullum, ya zaro, ya murza, sai ya ji kamar ta cikin bargo yake taɓawa. Ya riƙa ɗaga irin yana ƙura masa ido, abin da bai taɓa yi ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ya sake goya tanki a damina ta biyu, yanzu kuma da yake fatar ta daina jin cizon da wuri, sai ya riƙa ƙara murfi a kan murfi kafin ya ce haɗi ya yi.

Zuwa watan Agusta hannuwan sun fara rawa. Maɓallin riga ya gagare shi. Ranar Jibin Ubangiji a coci ɗan ƙaramin kofin ruwan inabi ya kuɓuce masa, ya zube a kan wandonsa a gaban dukan ikkilisiya. Washegari Afiniki ba ta nemi shawararsa ba, ta tsayar da mota ta sa shi gaba sai asibiti a Kafanchan.

Likitar da ta duba shi, Dokta Hellen, ta soka masa allura a kan yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana kallonta kamar hannun wani ake sokawa. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. Ta tambayi yadda yake haɗa maganin, ya nuna mata, har da ɗan alfaharinsa. Ta ajiye biro.

"Baba, daga yau ka ajiye tankin nan. Madara ba ta wanke komai. Jijiyoyin hannunka ne suke mutuwa. Ba zan yi maka alkawarin za su dawo ba, amma magungunan feshi iri-iri ne, kowanne da irin ɓarnarsa. In na san wanda ya shiga jikinka, zan san gwajin da zan sa a yi da inda zan tura ka. Ka kawo mini sunansa, kada ka ɓata lokaci."

Da suka fito, Afiniki ta ce su biya ta kasuwa wajen Alhaji Ƙasimu, wanda ya shekara talatin yana sayar da kayan noma. Dama ta zubo ɗan maganin a kwalba ta ɗaure a leda. Alhaji ya buɗe, ya kai kusa da hanci, ya yi maza ya rufe, ya sa aka zuba masa ruwa ya wanke hannu da sabulu.

"Ba zan yi maka kame-kame a kan lafiyarka ba, Malam Kaleb," ya ce. "Wataƙila ma haɗi ne na abu biyu ko uku. Amma abu ɗaya na sani. Babu maganin da ke fitowa daga masana'anta tsirara. Juye shi aka yi daga wani mazubi, kuma wanda ya juye ya karanta abin da ke rubuce a jiki."

Kaleb ya ji maganar, amma bai yarda ta shige shi ba. Yaya ba zai sani ya yi shiru ba. Ranar Asabar ya sa Afiniki ta ɗaura masa doya huɗu, don ba a zuwa gidan suruki hannu sake, ya je ya zauna a falon Samson, ya gaishe shi, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, sai can ya ce likita tana son sunan maganin. Samson ya nuna tausayi ƙwarai, ya ce sori ya fi sau biyar, ya ce zai tambayi hedikwata. Mako ya wuce, hedikwata ba ta amsa ba. Mako na biyu manaja ya yi tafiya. Na uku wayar Samson ta riƙa ƙara ba a ɗauka. A cikin makonnin nan cokali ya fara faɗuwa daga hannun Kaleb, ya koma shan kunu da hannu biyu kamar ƙaramin yaro.

Sai ga Samson da kansa wata Talata da rana, har cikin gida, fuska a sake. Ya ce jibi Alhamis masu duba gonaki za su zo daga wajen turawan da ke sayen citta, kuma abin da suka rubuta shi zai sa a sabunta wa kamfani satifiket, wato takardar izinin sayar musu da citta, ko a hana. Za su so ganin mai feshi.

"Ka taimake ni ranar nan kawai, suruki na. Abin da na nuna maka ka ce shi ne. In sun tambayi lafiya ka ce lafiya. Suna tafiya, ni da hannu na zan rubuta maka sunan a takarda, ka kai wa dokita. Na yi maka alkawari a gaban Allah."

Bayan ya tafi Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ita ba ta gaji ƙarancin magana ba.

"Ciki ɗaya muka fito da shi, na fi ka sanin shi. In yana da niyya, me ya hana ya rubuta yanzu? Biro ne babu a gidan nan? Ranar Alhamis ka buɗe hannun ka ka nuna wa mutanen nan, su ne za su matsa masa."

"A gaban baƙi?" in ji Kaleb. "Mutumin da ya ba ni ke? Ba za a ji wannan a baki na ba. Ya ce a gaban Allah."

Ranar Alhamis Samson ya iso da sassafe da wani babban kwali. Ya fito da rigar leda mai haɗe da wando, da takalmin rambut, da takunkumi mai gwangwani biyu a gefe, da tabarau, da safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu, duka sababbi fil, suna warin kanti. Damina biyu Kaleb yana feshi, bai san kamfani yana da irin waɗannan ba. Samson da kansa ya sa masa su, ya ja masa zik. Fararen jarkokin an kwashe su tun jiya. A madadinsu aka jera wasu kwalabe masu takarda da koren layi da hoton ganye, har da kofin awo mai lambobi.

Baƙin suka zo a mota biyu. Shugabarsu wata mata ce mai furfura da tabarau, tare da wani ma'aikaci daga Kaduna da ke yi mata tafinta. Samson ya wuce da su gonakin ƙungiya duka, bai tsaya ba sai a tasa gonar. Nan ne gaban Kaleb ya faɗi. A duk gonakin ƙungiya, ta Samson ce kaɗai bai taɓa shiga da tanki ba. Tun farko Yaya ya ce ya bar ta, aikin ya yi masa yawa, zai sa wani ya yi. Kaleb ya ɗauka tausayinsa aka ji, har godiya ya yi. Ashe ajiye ta aka yi domin irin wannan rana.

Matar ta sa safar hannu kafin ta taɓa ƙasa. Aka tono citta, ta zuba a leda, ta liƙe, ta rubuta lamba. Tafinta ya yi bayani cewa za a kai ta ɗakin gwaji a ƙasar waje, a duba ko akwai ɓurɓushin guba ko da ƙanƙani ne, don kada ya cutar da mai shan shayi a can. Citta ke nan, tana da mai sa ta a jirgi a je a duba lafiyarta. Wanda ya dama gubar da hannunsa yana tsaye taku uku daga wurin, yana zufa a cikin leda.

Daga nan matar ta juyo ga Kaleb. Ta nuna kwalaben, tafinta ya ce, "Baba, tana tambaya, wannan ne kaɗai maganin da kake fesawa?"

Kaleb ya dubi Samson. Samson yana murmushi.

"Shi ne," ya ce ta cikin takunkumi.

"Kullum kana sa waɗannan kayan?"

"Kullum."

Matar ba yarinya ba ce. Ta lura ya maƙale hannuwansa a baya tun zuwansu, ta lura kafaɗarsa tana ɗan motsi. Ta sa aka tambaye shi ko ya taɓa jin ciwon kai, ko amai, ko wani abu a fata ko a hannu. Ya ce babu. Ta matso, ta yi magana a hankali, tafinta ya ce, "Ta ce kada ka ji tsoron kowa. In akwai wani abu, yanzu ne lokacin faɗa." Afiniki tana bakin gona cikin mata, ta kafe shi da ido. Abin da ya rage kawai ya zaro hannuwan nan ya miƙa. Ya ƙara damƙe ɗaya da ɗaya a bayansa.

"Lafiya lau nake," ya ce. "Mun gode wa Ubangiji."

Ta rubuta. Aka ɗauki hoto, aka yi musabaha, motoci suka juya suka kama hanyar Kwoi.

Kaleb ya jira har ƙarar motocin ta ɓace, mutane suka watse, ya rage daga shi sai Samson da Afiniki can gefe. Ya ture takunkumin ƙasa da bayan hannu.

"Yaya, sun tafi. Sunan."

Samson yana jera kwalabe a kwali, bai ɗago ba.

"Wane suna kuma? Ga shi a jikin kwalba, kai da bakin ka ka ce shi ne. Ka ce kana sa kaya kullum, ka ce lafiyan ka lau. An rubuta, an ɗauki hoto. In na ba ka wani suna yanzu ya shiga fayil na asibiti, satifiket na Nok gaba ɗaya ya tafi. Wa zai sayi cittan mutane? Kai za su zaga, ba ni ba. Wannan rawan hannu ma, wa ya sani ko na gado ne? Ka riƙa addu'a."

Afiniki ta kira sunan yayanta sau ɗaya, gatsau, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, ta juya ta kama hanyar gida. Kaleb ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ya gane cewa amanarsa aka auna tun ranar mangwaron coci, aka ga za ta ɗauki wannan kaya, shi ya sa aka ce na gida ake so.

"Cire kayan, don Allah, ina sauri," in ji Samson. "Gobe Kagoma za a kai su, can ma masu duba gonaki za su je."

Kaleb ya zame rambut da ƙafa, ya fita daga rigar da ƙyar. Saura safar hannu. Zufa ta manne robar da fata, yatsun kuma sun ƙi kama bakinta. Ya gwada da dama, ya gwada da hagu, ya kai baki zai ja da haƙori.

"Kai, za ka huda shi. Kawo."

Samson ya kama hannun, ya zare safar a hankali, yatsa bayan yatsa, yana lallaɓa robar kada ta yage. Ya karkaɗe ta, ya ninke, ya kama ɗayan. Har yau in Kaleb ya tuna wannan rana tuwo ba ya wuce masa, domin da aka zare ta biyun, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Na gode, Yaya."